Keken Baƙi

Ranar da tifa ta juye yashi a ƙofar Gidan Barde, Adawiyya ta yi ta kaɗa ƙararrawar kekenta har kajin tsakar gida suka watse. Mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai. Shan-inna ta shanye mata ƙafafu tun tana rarrafe, amma ba ta taɓa mata baki ba, don idan ta fara dariya sai maƙwabta sun leƙo ta katanga sun tambayi abin da aka samu. Kekenta na guragu ne, irin wanda mutum yake murza tayoyinsa da hannu. Ta ɗaura masa ƙararrawa a dama, ta raɗa masa suna Ɗan Gata. Da shi take zuwa Islamiyyar matan aure, da shi take kai hulunan da ta ɗinka wurin dillaliya, da shi take zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa. A Kafin Barde, in ka ji ƙararrawa a lungu, to labari ya iso.

Gidan Barde gida biyu ne a cikin katanga ɗaya. Ta baya iyali suke, da awakinsu da igiyar shanyarsu. Ta gaba kuma, a kan wani falalen dutse, tsohon soron kakansu Barde ne, ginin ƙasa mai zanko da rufin azara, inda sulkensa da takobinsa suke rataye, tambarinsa kuma yana ajiye a kusurwa. 'Yan makaranta sukan zo daga Dutse da Jahun su kalla. Ta dogayen matakalai ake hawa, kuma a bakin soron kowa sai ya tuɓe takalmi, ko da hakimi ne. Rabon Adawiyya da cikinsa tun mahaifinsu yana da rai, lokacin da yakan saɓa ta a kafaɗa ya bar ta ta buga tambarin da tafin hannu. Ta taɓa roƙon yayanta Alhaji Muntaka, wanda makullin soron yake hannunsa, a ɗauke ta da kekenta a shigar da ita. Ya ce ba zai yiwu ba, taya ai takalmi ce.

To sai ga wata ƙungiya daga Dutse, mai kula da masu buƙata ta musamman, ta ce za ta zuba gangaren siminti tun daga zaure har bakin soro, don guragu da tsofaffi su ma su ga tarihi. Nan gida ya rikice da murna. Alhaji Muntaka ya ba da ɗinkin babbar riga tun ba a kwaɓa kwano ɗaya na siminti ba. Matarsa Hindatu ta fitar da anko. Ɗansu Maharazu, wanda ya gama kwaleji yake zaman jiran aiki, ya naɗa kansa jagoran baƙi, yana zagaye tsakar gida yana haddar tarihin Barde da Turanci, awaki suna kallonsa suna tuƙa. Amma duk murnarsu in an haɗa ba ta kai rabin ta Adawiyya ba.

"Dada, kin ji? Ɗan Gata zai hau dutse," ta ce da mahaifiyarsu, tana juya keken a wuri ɗaya kamar mai rawa. "Wallahi in na shiga, sai na buga tambarin nan an ji a Jahun."

Tsohuwar tana tsince wake, ta ce, "Auta, bakinki dai ba ya gajiya. Allah Ya nuna mana."

Kullum da safe Adawiyya tana bakin aiki kafin leburori. Ita ce mai ba su ruwa, ita ce mai tsokanarsu. Ranar da magini Malam Mika'ilu ya shigo cikin gida ɗiban ruwa, ta tare shi ta nuna masa ƙofar ɗakinta. Dokin ƙofar dogo ne, irin na ginin da, keke ba ya iya tsallake shi. Saboda haka kullum a bakin ƙofa take sauka, ta ja jiki ta shiga, Ɗan Gata ya kwana a ƙarƙashin rumfa.

"Malam Mika'ilu, in siminti ya yi saura, ka rage wa dokin nan tsawo mana, ni ma in samu ɗan gangarena."

"Ai wannan aikin shan shayi ne, Hajiya. In Alhaji ya ce a yi, an gama."

Siminti ya yi saura kuwa, har da yashi. Da shi aka kafa ƙafafun allon da aka rubuta sunan Alhaji Muntaka a kai. Adawiyya ta ce ba komai, allo ma yana buƙatar ƙafa.

Da gangare ya kammala, Maharazu ya zo da sassafe yana sosa ƙeya. "Gwaggo, a ara mana Ɗan Gata mu gwada hanya."

"Ku tafi da ni mana. Wa ya fi ni sanin halinsa?"

"Simintin bai gama shan iska ba, Gwaggo. Ba a son nauyi."

Ta ba shi da hannu biyu. Tana zaune a dokin ƙofa ta riƙa jiyo ƙararrawarta daga gaba, da shewar samari. Ashe Maharazu ne da kansa ya hau, shi da ya ninka ta a jiki, abokansa suna turo shi daga sama yana ihu. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da yamma aka dawo da keken, tayoyinsa duk farin siminti, ta zauna ta kankare shi da tsinke tana yi masa waƙa. Bayan kwana biyu aka sake aro, wai za a ɗauki hoto a tura wa ƙungiya. A aro na uku, rana ta faɗi ba a dawo da shi ba.

Da safe Alhaji Muntaka ya shigo gaishe da Dada. Adawiyya ta kira shi daga bakin ƙofarta.

"Yaya, ina Ɗan Gata ya kwana?"

"Af, ban gaya miki ba? Sharaɗin mutanen nan ne. Su gangare, mu keke. Sun ce lalle a ajiye guda a zaure saboda baƙon da ya zo ba shi da nasa. Na ce musu alhamdu lillahi, mu da muke da keke a gida."

"Ku da kuke da keke."

"To naki da namu ai duk ɗaya ne. Zuwa bikin buɗewa kawai. Da an gama zan sayo miki sabo dal, mai katifa."

"Me zai hana a sayo sabon a ba baƙin?"

"Ke ba ki san yadda ake harka da manya ba, Adawiyya. Ki bar mini wannan."

Ta karkata kai tana murmushi. "Ashe yanzu taya ta daina zama takalmi?"

"An tanadi tsumma," in ji shi. "Za a riƙa gogewa." Ya gyara hula ya fita.

A ranar ta jawo akwati ta laluba bayansa, ta zaro wasu tsofaffin silifas da ta jefa can tun ranar da ta samu keke. Ba na ƙafa ba ne. A hannu take sa su in za ta ja jiki. Bazara ce, ƙasar tsakar gida tana zafi kamar tandar waina, banɗaki kuma yana can ƙarshen gida bayan turken awaki. Ranar farko ta je ta dawo tana ba'a, tana cewa awaki su matsa wa tsohuwar abokiyarsu. Zuwa ƙarshen mako gwiwoyinta sun saɓule, sai ta rage shan ruwa don ta rage tafiya. Islamiyya ta tsaya. Huluna suka taru a kwalla ba mai kai su. Aka yi sunan jikar aminiyarta a lungu na biyu, ta ji kiɗan daga ɗaki, aka aiko mata da waina a leda.

Kowa a gidan yana da abin da zai ce, kuma kowa cikin fara'a yake faɗa. Hindatu ta ce, "Ai gara ma ki ɗan huta da yawon nan, Adawiyya, duk kin yi baƙi. Kin ga ankonki? Na sa an yi miki aiki a wuya, ya fi nawa." Dada ta shafa mata man kaɗanya a gwiwa, ta ce, "Ki yi haƙuri, Auta. Baƙonka annabinka. Kuma yayanki ne, sunan gidanku yake ɗagawa." Maharazu kuwa da gudu ya shigo wata rana yana miƙa mata waya. "Gwaggo, kalli yadda muka gyara shi." An shafe Ɗan Gata da koren fenti, an rubuta KEKEN BAƘI da fari a bayansa. Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce ya yi kyau, ya zama kamar ɗan sanda.

Ba mugaye ba ne, kuma wannan ya fi ci mata rai. Da akwai mai zaginta a cikinsu, da ta san abin da za ta yi da shi, don bakinta bai taɓa cin bashi ba. Amma yaya za ka yi faɗa da mutanen da suke ta rawa suna jan hannunka? Sai ta bi su. Ta gwada anko, ta sa an yi mata lalle har da kitso, tana cewa da zuciyarta saura kaɗan. Ranar buɗewa dole a ɗora wani a keken nan a gaban jama'a, kuma wa za a ɗora in ba ita ba?

Ana gobe biki, aka sa kwaɗo a ƙofar da ta haɗa cikin gida da gaba, kada baƙi su hango shanya da awaki. Alhaji Muntaka ya zo da kansa ya tsuguna a bakin ɗakinta, abin da bai saba ba.

"Gobe ki zauna a ciki. Da jama'a sun watse, ni da kaina zan tura ki har cikin soro."

"Yaya, ankon fa? Wa zan nuna wa, kaji?"

"Ki fahimce ni. In aka gan ki a kan keken, za a gane na gida ne, a ce mun yi wa ƙungiya wayo. In kuma aka gan ki a ƙasa, a ce ba ma kula da ke. Kin ga duk ba daɗi."

"To a ina ya kamata a gan ni?"

"Shi ya sa na ce ki zauna a ciki."

Gari ya waye da kalangu. Aka kafa rumfuna, motoci suka cika lungu, ƙamshin shinkafa ya ratsa ko'ina. Matan gida suka fice ta ƙofar baya cikin ankonsu, har Dada, wadda ta ce za ta leƙa kawai ta dawo. Adawiyya ta yi wanka ta sa nata, ta kafa ɗauri, ta zauna a dokin ƙofa. Lasifika tana kawo mata komai. Ta ji Maharazu ya tashi tarihin Barde da Turanci ya maƙale a tsakiya. Ta ji wani yaro ya taɓa ƙararrawarta an daka masa tsawa. Sannan ta ji muryar yayanta, ta cika ta batse: "A wannan gida, tun kaka da kakanni, ba a barin kowa a ƙasa."

Dariya ta kama ta, irin wadda ba ta tsayawa, har kwallinta ya zubo. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Da dariyar ta lafa sai ta ga hannuwanta sun riga sun shiga silifas. Keken na baƙi ne, haka aka rubuta. To ai baƙo ta ƙofar gaba yake shigowa.

Ta bi ta ƙofar baya, wadda awaki suke bi, ta fita lungu. Katangar Gidan Barde doguwa ce, ba ta taɓa sanin tsawonta haka ba sai yau. Rana ta take, tsakuwa tana cizon gwiwa ta cikin sabon zani. Wata mai ƙosai ta miƙe tsaye. "Adawiyya, lafiya? Ina Ɗan Gata?"

"Ya samu aiki a gaba. Zan je in taya shi murna."

Ta isa zaure ankonta ya yi jawur da ƙasa, gumi ya jiƙa ɗaurin. Ta leƙa. Baƙin ƙungiya suna jere a inuwa, kowa a kan kekensa, don ba gurgun da zai taso daga Dutse ya bar ƙafafunsa a gida. Ɗan Gata yana tsaye a gindin gangare shi kaɗai, an ɗaura masa jan ƙyalle, ba mai hawa. Ta tattara murya ta rangaɗa sallamar da ta fi lasifika.

"Salamu alaikum, masu gida. Baƙuwa ce."

Kowa ya waiwayo. Shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa mai suna Hajiya Mahbuba, ta juyo da kekenta. "Subhanallahi. Ga wadda aka yi abin dominta. Ku kawo keken nan maza. Baiwar Allah, daga ina?"

"Daga bayan katangar nan, Hajiya."

Alhaji Muntaka ya matso da sauri, babbar rigarsa tana shara. "'Yar unguwa ce, Hajiya," ya ce. "Mukan taimaka mata."

Rabin mutanen da suke wurin sun san uwa ɗaya ta haife su. Ba wanda ya tanka, don ba a raba shinkafa ba tukuna. Adawiyya ta ɗaga kai ta nemi Dada a cikin mata. Ta hango ta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idanunta suna roƙo. Maganar ta zo wa Adawiyya har leɓe, kalma biyu ce kawai, "yayana ne," ta haɗiye ta. Abin ya yi mata ciwo fiye da tsakuwar lungu.

Maharazu ya turo keken. Ba ta jira taimako ba. Ta dafa ta haye, irin hawan da ta yi sau dubu, tafukanta suka sauka daidai inda suka saba. Ta kaɗa ƙararrawa. Jama'a suka ɗauki tafi, masu waya suka ɗaga, mai kalangu ya biyo ta. Ta murza ta hau gangaren ita kaɗai, ba wanda ya tura ta, kuma duk da maganar yayanta, daɗi ya kama ta sosai, don iskar saman dutse ba irin ta tsakar gida ba ce. Daga can ta hango dabinai da rufin Islamiyya da titin Dutse.

A bakin soro takalman manya suna jere, masu sheƙi. Ta ɗauko silifas ɗinta daga cinya, shatin yatsun hannu ya lotsa su, ta sunkuya ta jera su kusa da na yayanta. Maharazu ya durƙusa da tsumma ya goge tayoyin. Ta shiga. Sanyin ginin ƙasa ya rufe ta, da ƙamshin da ta sani tun tana kan kafaɗar mahaifinta. Ta nufi kusurwa kai tsaye, ta ɗaga hannu ta sauke wa tambarin tafi, ta ƙara, ta ƙara, har jemagu suka tashi daga azara.

"Kamar ta san wurin," in ji Hajiya Mahbuba daga bakin ƙofa, tana share ido.

"Haka take, akwai kai," in ji Alhaji Muntaka.

Da baƙi suka watse aka buɗe kwaɗo, Adawiyya ta shiga cikin gida a kan kekenta tana kaɗa ƙararrawa, kaji suna tsalle. Hindatu ta ce wallahi ita ce ta ƙawata bikin. Alhaji Muntaka bai yi mata faɗa ba, don har an turo masa hotonta, kuma an ce shi ya fi kowanne kyau. A bakin ɗakinta ta sauka kamar kullum, ta tsallake dokin ƙofa da hannu, ta tayar da sallar la'asar. Tana zaman tahiya ta ji tayoyi suna murzawa a kan ƙasa, ƙararrawa ta yi ɗan ƙara sau ɗaya, aka yi saurin dafe ta. Sai ƙarar kwaɗo.

Sabon keke mai katifa an ce sai bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce, an ce sai an sayar da riɗi.

Yanzu dai an samu tsari, kuma kowa a gidan yana yaba shi. Duk ranar da ba a sa ran baƙi, Adawiyya takan sa silifas a hannu ta bi ta ƙofar awaki, ta zagaye katanga, ta yi sallama a zaure. Maharazu ya kwance sarƙar da ake ɗaure keken da ita ya ba ta aron Ɗan Gata. Ta tafi Islamiyya da KEKEN BAƘI a rubuce a bayanta, ta dawo da shi kafin magariba, ta sake bin katanga zuwa ɗakinta. Ƙofar tsakiya tana kulle saboda awaki. Dada ta ce ai ko motsa jiki ne. A gindin katangar wata 'yar hanya ta fito, sumul, ba wanda ya zuba mata siminti.

Ranar Asabar ɗin nan ma wata mota ta kawo ɗalibai da malamansu daga Taura. Alhaji Muntaka ya tare su a zaure, ya nuna musu gangare, ya nuna musu allo, sannan ya dafa koren keken yana murmushi.

"Kun ga wannan? Tun da muka ajiye shi, da wuya ya wuni bai samu mai hawa ba."

Malaman suka jinjina kai, suka ce Allah Ya saka da alheri. Adawiyya tana bayan katanga a lokacin, silifas a hannu, kwallar huluna a gefenta, tana jira su tafi.